Tarurrukan Nazarin Harshe da Na'ura: Ina Rabon Hausar Kabi?

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya karanci tarihin rubutun Hausa na boko ya san cewa ƙa'idojin da ake rubutu da su a yau a wuraren taro aka tsara su. Hukumar Harshen Hausa, wadda aka kafa a shekarar 1955, ta zauna ta fitar da nata tsarin. A 1966 hukumar UNESCO ta tara masana a Bamako domin daidaita haruffan wasu harsunan Afirka ta Yamma, ciki har da Hausa da Fulatanci da Barbarci da Zabarmanci. A 1972 Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta kira wani taron a Kano, sannan a 1980 masanan Nijeriya da na Nijar suka haɗu a Yamai domin kusanto da rubutun ƙasashen biyu. Abin da aka yanke a waɗannan zauruka shi ne malamin firamare na Gulma ko na Kangiwa yake rubutawa a allo, ko da kuwa bai taɓa jin labarin tarurrukan ba.

A wannan zamani an sami wasu tarurruka na daban waɗanda su ma suke yanke hukunci a kan Hausa. Su ne tarurrukan masana da ke koya wa na'ura mai ƙwaƙwalwa yadda za ta karanta rubutu, ta fassara shi, ta gyara shi, ta kuma tantance abin da ya ƙunsa. Akasarin ɗaliban Hausa na kwalejojin ilimi ba su san da zamansu ba, alhali kuwa abin da ake tattaunawa a can shi yake tabbatar da irin Hausar da wayar hannu za ta gane da wadda za ta ɗauka kuskure. Wannan maƙala za ta bayyana yadda tarurrukan suke, da yadda Hausa ta shiga cikinsu, sannan ta nuna cewa Hausar da ta shiga ɗin ba ta game duk Hausawa ba. Hausar Kabi, wato wadda ake ji a Argungu da Birnin Kabi da garuruwan bakin gulbi, tana cikin waɗanda aka bari a ƙofa, kuma malamin Hausa ne ya fi kowa damar shigar da ita.

2.0 Asalin Fannin

Kimiyyar harshe ta na'ura fanni ne da ya haɗa ilimin harsuna da ilimin kwamfuta. Daga cikin ayyukansa akwai fassara daga wani harshe zuwa wani, da zaƙulo sunayen mutane da garuruwa daga cikin rubutu, da gane ko magana yabo ce ko suka, da mayar da furuci ya koma rubutu, da gyaran kurakuran rubutu.

Tun a shekarar 1954 Jami'ar Georgetown da kamfanin IBM a Amurka suka nuna wa jama'a wata na'ura da ta fassara jimloli sittin da 'yan kai daga Rashanci zuwa Ingilishi. Kalmomi 250 kawai aka zuba mata, da dokokin nahawu shida. A lokacin an yi zaton cikin 'yan shekaru za a gama da matsalar fassara, amma a 1966 wani kwamitin masana da aka ɗora wa bin diddigin aikin ya ba da rahoton cewa ba a kai ko kusa ba, kuɗin bincike kuwa ya ja baya. Dalili shi ne, a wancan zango ɗan'adam ne yake rubuta wa na'ura dokokin harshe ɗaya bayan ɗaya, harshe kuwa ya fi ƙarfin a ƙididdige dokokinsa da togace-togacensa da hannu.

Daga ƙarshen shekarun 1980 sai salon ya sauya. Masu bincike a IBM suka ɗauki rubutattun muhawarorin majalisar dokokin Kanada, waɗanda ake ajiyewa cikin Ingilishi da Faransanci, suka bar na'ura ta riƙa ƙirga sau nawa wata kalma take zuwa daura da wata, har ta koyi fassara daga misalai. A 2017 aka gabatar da wani sabon tsarin koyo mai suna Transformer, wanda a kansa aka gina manhajojin hira irin su ChatGPT da ya fito a watan Nuwamba na 2022. Abin lura ga ɗalibin harshe a nan shi ne, tun da aka koma koyo daga misalai, ƙarfin na'ura a kowane harshe ya rataya ne a kan yawan rubutun da aka ba ta da ingancinsa. Abin da ba a rubuta ba, ko aka rubuta amma bai shiga kwamfuta ba, babu hanyar da za ta san shi.

3.0 Yadda Tarurrukan Suke Gudana

Babbar ƙungiyar masana wannan fanni ita ce wadda ake taƙaita sunanta da ACL, an kuwa kafa ta a 1962, tana kuma yin taro duk shekara. Akwai taron COLING da aka fara a birnin New York a 1965, da taron LREC da aka fara a Granada ta ƙasar Sifen a 1998, wanda ya fi mai da hankali ga tattara kayan nazari kamar ƙamusoshi da rumbunan rubutu. A jikin manyan tarurrukan akan rataya ƙananan zaurukan bita, kowanne da abin da ya sa gaba.

Tsarinsu ya yi kama da na tarurrukan ƙara wa juna sani da aka saba yi a jami'o'in ƙasar nan, sai dai akwai bambance-bambance guda uku da ya kamata a sani. Na farko, cikakkiyar maƙala ake aikawa watanni kafin taro, a ɓoye sunan marubuci, a miƙa ta ga masana, galibi mutum uku, su tace ta. Wadda ba ta tsallake ba ba za a gabatar da ita ba. Na biyu, maƙalun da aka karɓa ana zuba su a wata taska ta intanet da kowa zai iya karantawa kyauta, ko yana Toronto ko yana Augie. Na uku, kuma shi ne ya fi muhimmanci ga wannan tattaunawa, akwai al'adar shirya gasa.

Ga yadda gasar take. Masu shiryawa sukan tara dubban jimloli, su sa masu jin harshen su yi wa kowace jimla alama da hannu, alal misali a ce wannan yabo ce, wannan suka ce, wannan kuwa ba ta karkata ko'ina ba. Sai a raba jimlolin gida biyu. Kashi mafi yawa a bai wa masu fafatawa su horar da na'urorinsu da shi, ƙaramin kashi kuma a ɓoye shi ya zama jarrabawa. Na'urar da amsoshinta suka fi dacewa da alamomin da mutane suka yi ita ce ta yi nasara, a ranar taro kuma kowane rukuni ya bayyana dabarar da ya bi. Daga nan waɗannan jimloli na jarrabawa sukan zama ma'aunin da masu bincike da kamfanoni za su riƙa gwada sababbin na'urori da shi shekara da shekaru.

Kowa ya san cewa a kasuwar hatsi wanda ya sassaƙa mudu shi ya yanke yawan abin da za a kira mudu ɗaya. Haka abin yake a nan. Idan aka ce wata na'ura ta iya Hausa, ma'anar ita ce ta ci jarrabawar da wasu mutane suka tsara daga wani irin rubutu da suka zaɓa. Saboda haka tambayar da ta dace ɗalibi ya riƙa yi ita ce: daga ina aka ɗebo jimlolin, su wa kuma suka yi masu alama?

4.0 Shigar Hausa Cikin Zauren

An daɗe ana waɗannan tarurruka ba tare da harsunan Afirka sun sami wani gurbi na a zo a gani ba. Kamfanin Google ya sanya Hausa cikin manhajarsa ta fassara a watan Disamba na 2013, tare da Ibo da Yarbanci da Somaliyanci da Zulu, amma a fagen bincike an ci gaba da lissafa Hausa cikin harsuna masu ƙarancin kayan aiki. Wata maƙala da Pratik Joshi da abokan aikinsa suka gabatar a taron ACL na 2020 ta kasa harsunan duniya zuwa aji shida gwargwadon yawan rubutun da na'ura za ta iya samu a cikinsu, daga aji na sifiri zuwa na biyar. Harsuna bakwai kacal ne suka hau aji na biyar, ciki har da Ingilishi da Larabci da Faransanci. Hausa, duk da miliyoyin masu magana da ita, a aji na biyu ta tsaya.

Sauyi ya fara ne daga 'yan Afirka da kansu. A 2017 aka fara taron Deep Learning Indaba a Afirka ta Kudu domin horar da matasan nahiyar, aka kuma riƙa zagayawa da shi zuwa birane irin su Nairobi da Tunis da Akara da Dakar. A 2019 aka kafa ƙungiyar Masakhane, kalmar da a harshen Zulu take nufin a yi gini tare. Manufarta ita ce masu harshe su shiga cikin binciken da ake yi a kan harshensu tun daga tara jimloli har zuwa rubuta maƙala, a kuma sanya sunayensu cikin marubuta. A 2020 aka buɗe zauren bita na AfricaNLP, wanda aka shirya yi a Adis Ababa, annobar korona ta sa aka mayar da shi ta intanet. A 2023 an yi shi ido da ido a Kigali ta ƙasar Ruwanda.

Daga wannan yunƙuri ne ayyukan Hausa suka fara fitowa a jere. A 2021 aka fitar da MasakhaNER ƙarƙashin jagorancin David Adelani, wato tarin jimlolin harsunan Afirka goma da aka yi wa alamar sunayen mutane da wurare da hukumomi da ranaku, Hausa na ciki. A wannan shekarar ce kuma gasar fassara ta WMT ta sanya fassara tsakanin Hausa da Ingilishi cikin darussanta. A taron LREC na 2022 da aka yi a Faransa, Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka gabatar da NaijaSenti, inda aka tara saƙonnin Twitter kimanin 30,000 na Hausa, da irin wannan adadi na Ibo da na Yarbanci, aka tantance ra'ayin da kowanne ya ƙunsa. Aikin ya faɗaɗa ya zama AfriSenti mai harsuna 14, aka kuma yi gasa a kansa a zauren SemEval da aka gudanar tare da taron ACL a Toronto cikin 2023. Yawancin Hausawan da suka yi waɗannan ayyuka sun taru a ƙungiyar HausaNLP, wadda ta ƙunshi manazarta daga Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da wasu wurare.

Wannan ƙoƙari abin yabawa ne ƙwarai, musamman idan aka tuna da tsadar halartar irin waɗannan tarurruka da wahalar samun biza. A 2018 da 2019 an hana masu bincike da dama daga Afirka izinin shiga Kanada domin halartar wani babban taro. Sai dai yabon gwani ba ya hana a duba abin da ya rage.

5.0 Wace Hausa Ce Ta Shiga?

Mai tara jimloli dole ya ɗebo daga inda rubutu yake, rubutun Hausa da ke intanet kuwa mafi yawansa labarai ne da saƙonnin dandalin sada zumunta. Jimlolin Hausa na MasakhaNER na farko daga labaran sashen Hausa na Muryar Amurka aka samo su. Na biyun, wanda ya fito a 2022 da harsuna 20, ya ɗebo ne daga shafukan Kano Focus da Freedom Radio. NaijaSenti kuwa daga Twitter yake, dandalin da a 2023 aka sauya wa suna zuwa X, masu rubutu a cikinsa kuma galibi matasan birni ne masu gwama Hausa da Ingilishi. Ke nan Hausar da na'ura ta fi cin karo da ita ita ce daidaitacciyar Hausa ta 'yan jarida, wadda aka gina bisa Kananci, sai kuma Ingausar matasa.

To, a kwatanta wannan da abin da kunne yake ji a kasuwar Argungu. Kabanci yana cikin rukunin karin harshen yamma, tare da Sakkwatanci da Zamfarci da Gobiranci da Adaranci. A wannan rukuni, inda daidaitacciyar Hausa take cewa muka, kuka, suka, aka, sai a ji munka, kunka, sunka, anka. Inda take da f akan ji hw ko h, kamar a hwadama da tahi da lahiya. Akan ce ɗiya a madadin 'ya, biyat a madadin biyar, wanga da wagga a madadin wannan. Dirka ma ta bambanta, domin na da ta ake amfani da su a gurbin ne da ce. Idan Bakabe ya ce, “Wagga riga tawa ta,” abin da yake nufi shi ne, “Wannan riga tawa ce.” Na'urar da ta koyi cewa ta wakilin suna ne ko harafin mallaka za ta ɗauka jimlar ba ta ƙare ba, tana jiran abin da zai biyo baya. Haka kuma jimla irin “Da munka tahi hwadama, ɗiyan Sarkin Ruwa munka ishe” kusan rabin kalmominta baƙi ne ga wanda labaran rediyo kaɗai ya karanta.

Sunayen yankin su ma tarko ne ga na'urar zaƙulo sunaye. Kanta sunan sarkin da ya kafa daular Kabi ne a ƙarni na 16, mai birnin Surame, wanda aka sanya wa gidan tarihin Argungu sunansa, amma a rubutun yau da kullum kanta ta fi zuwa a jimla irin “ita da kanta ta zo.” Gulma gari ne a ƙasar Argungu, kuma sunan mummunar ɗabi'a ne. Kalgo gari ne kusa da Birnin Kabi, kuma itace ne. Matan Fada wurin da ake bikin kamun kifi ne, na'urar da ba ta taɓa haɗuwa da sunan ba kuwa tana iya fassara shi da matan da ke gidan sarki. Babban baƙi a farkon kalma yakan taimaka, amma masu rubutu a waya ba kasafai suke kula da shi ba.

Bayan wannan akwai kalmomin sana'a. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama a 1934, ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2016. Duk shekarar da aka yi bikin 'yan jarida sukan ba da labarin wanda ya kama giwan ruwa mafi nauyi da kyautar da ya samu. Abin da ba sa rubutawa shi ne harshen Sarkawa da kansa: bambancin homa da koma da taru da mamari, da sunayen kifaye tun daga tarwaɗa da gaiwa da karfasa har zuwa ƙananan da sai ɗan gado ya san su, da sunayen gurabun ruwa, da kalmomin noman shinkafa a fadama. Wannan taska a bakin dattawa take, kuma duk dattijon da ya kwanta dama yakan tafi da wani kaso nata.

Illar wannan giɓi ba a ɗakin bincike za ta tsaya ba. Yaron da ya rubuta munka a waya, ya ga manhaja ta ja masa jan layi ko ta sauya masa kalmar, zai fara ɗaukar maganar kakarsa a matsayin kuskure. Manomin da aka kawo wa manhajar ba da shawara kan noma ko lafiya, ya yi mata magana da harshen da ya tashi da shi ta kasa ganewa, zai ajiye ta, amfanin ya wuce shi ya tafi ga ɗan birni.

6.0 Matsalar Ƙa'idojin Rubutu

Ko a cikin daidaitacciyar Hausar ma akwai wata matsala da ta shafi malami kai tsaye. Rubutun Hausa ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, don haka kalma ɗaya a ido tana iya zama biyu ko uku a kunne. Su wakilin suna ne, kuma su sana'ar masunta ce. Fito yana iya zama umarnin a fito waje, ko ƙetarar da mutane gulbi a jirgi, ko busar baki. Kuka itaciya ce, kuka zubar da hawaye ne, kuka kuma lamirin shuɗaɗɗen lokaci ne. Bahaushe yana warware waɗannan daga muhallin magana, na'ura ma tana iya koyon haka idan ta ga misalai masu yawa.

Amma idan marubuci ya ƙara da watsi da baƙaƙe masu lanƙwasa, sai ruɗanin ya ninka. Kasa da ƙasa su zama ɗaya, haka kafa da ƙafa, da fada da faɗa, da bata da ɓata, da baki da baƙi. Idan ya haɗa kalmomin da ya kamata a raba, ita ce ta koma itace, shi ne kuma ya koma shine, wadda na'ura za ta iya ɗauka kalmar Ingilishi ce. Irin wannan rubutu ne ya cika dandalin sada zumunta, daga can kuma ake kwasa a ciyar da na'ura. Wani bincike da Julia Kreutzer da ɗimbin abokan aikinta suka buga a 2022 ya duba rumbunan rubutu 205 da aka kwaso daga intanet da sunan harsuna daban-daban, ya tarar aƙalla 15 daga cikinsu babu jimlar kirki ko ɗaya, wasu da yawa kuma jimlolinsu masu inganci ba su kai rabi ba. Harsuna masu ƙarancin rubutu ne abin ya fi shafa.

Sannan ga batun ma'ana. Uwar da ɗanta ya fasa tulu ta dube shi ta ce, “Ka kyauta!” ba yabonsa take yi ba. Gatse da habaici da zambo da ba'ar da ke tsakanin taubasai ko abokan wasa na ƙabilu duk suna juya ma'anar kalma. Mai yi wa jimla alama idan bai san waɗannan ba zai sanya gatse a layin yabo, na'ura kuma ta haddace kuskuren. Wannan ilimi ne da ake koyarwa a darasin adabin baka, ba a sashen kwamfuta ba.

7.0 Rawar da Malamin Hausa Zai Taka

Wani zai iya cewa aikin malami shi ne koyar da daidaitacciyar Hausa, ita ake tambaya a jarrabawa, don me za a ɗora masa ɗawainiyar karin harshe? Gaskiya ne daidaitacciyar Hausa ita ce ta haɗa Bakano da Bakabe da Badamagare a kan takarda ɗaya, kuma wajibi ne a koyar da ita yadda ya kamata. Amma koyar da ita bai hana adana sauran ba. G. P. Bargery, wanda ƙamusunsa mai kalmomi kimanin 39,000 ya fito a 1934, ya zagaya ƙasar Hausa yana tattara kalmomi, ya kuma riƙa nuna wadda ta Sakkwato ce da wadda ta Katsina ce. Wannan ne ya sa har yau manazarta ba su daina komawa gare shi ba. Malami na iya nuna wa ɗalibi cewa muka ake rubutawa a insha'i, munka kuma Hausa ce ingantacciya mai nata tsari da tarihi.

Akwai abubuwa huɗu da ɗalibi mai shirin zama malami zai iya yi ba tare da ya koyi sarrafa manhaja ba. Na farko shi ne ya tsare ƙa'idojin rubutu a duk inda ya yi rubutu, har a waya. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ suna cikin allunan rubutu na Hausa da ake sanyawa a wayoyin zamani, saboda haka uzurin rashinsu ya kau. Malamin da ya saba wa ɗalibai arba'in rubutu mai tsabta ya gyara wani yanki na abin da na'ura za ta karanta gobe.

Na biyu shi ne kundin kammala karatu. Ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, ko na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi, yana zaune ne a tsakiyar abin da masu bincike na nesa ba su da hanyar samu. Yana iya ɗaukar hira da masunci ko manomin shinkafa ko mai sassaƙa jirgi ko ungozoma, ya rubuta maganar daidai yadda ta fito daga baki ba tare da ya gyara ta ba, a gefe kuma ya kawo ta cikin daidaitacciyar Hausa, ya nuna garin mai maganar da shekarunsa da sana'arsa da ranar da aka yi hirar. Idan ɗalibai 100 suka kawo jimloli 200 kowannensu, an sami jimloli 20,000 masu tagwayen fassara a shekara guda, adadin da ya kusanci abin da aka gina wasu sanannun ayyuka a kansa.

Na uku shi ne adanawa. Kundin da aka ɗaure aka jera a kanta, ƙura da gara suna jiransa, babu mai karanta shi sai wanda ya zo ɗakin. Ya kamata sashe ya ajiye kwafin kowane aiki a kwamfuta tare da muryar da aka ɗauka, cikin tsari ɗaya, domin a iya haɗa aikin bana da na baɗi. A nan dole a kiyaye amana. Sai an gaya wa mai magana abin da za a yi da maganarsa ya kuma yarda. Sarkawa suna da asiran sana'a da ba su so a bayyana, waɗannan kuwa a bar masu abinsu.

Na huɗu shi ne shiga cikin zauren. Ƙungiyoyi irin su Masakhane da HausaNLP ta intanet suke yawancin ganawarsu, kuma suna buƙatar masu yi wa jimloli alama da masu tace fassara. Akwai kuma ƙananan tarurrukan IndabaX da ake shiryawa a ƙasashe daban-daban, har da Nijeriya. Masanin kwamfuta ya san yadda ake horar da na'ura, amma sai wanda ya karanci ginin jimla da karin harshe ne zai iya nuna masa cewa jarrabawar da ya tsara ba ta da jimlar Hausar yamma ko ɗaya, ya kuma kawo masa jimlolin da za a cike gurbin da su.

8.0 Kammalawa

An ga yadda fannin nazarin harshe da na'ura ya tashi daga rubuta dokoki da hannu ya koma koyo daga misalai, da yadda gasannin da ake yi a tarurrukansa suke zama ma'aunin iya harshe. An kuma ga cewa daga 2021 zuwa 2023 Hausa ta sami shiga ta hannun 'ya'yanta, sai dai Hausar labarai da ta dandalin sada zumunta ce ta fi samun wakilci. A tarurrukan Bamako da Kano da Yamai masana harshe da malamai ne suka zauna a sahun gaba, shi ya sa abin da aka yanke ya dace da aji. A tarurrukan yau masana kwamfuta ne suka fi yawa, ƙofa kuma a buɗe take ga duk wanda ya zo da kayan aiki. Kayan aikin da ake nema daga ƙasar Kabi su ne jimlolin Kabanci rubutattu, masu tsabta, waɗanda aka san bakin da suka fito. Ɗalibin da zai tafi koyarwar gwaji a Alwasa ko Lailaba ko Zauro yana iya fara tara su da littafi da alƙalami da wayar da ke aljihunsa tun daga wannan zangon karatu.